Naman da Maharazu Ya Sa a Aljihu

Malumfashi,
4 ga Yuli, 2024.

Zuwa ga taubashiyata Shafa'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara da aikin asibiti. Mu nan alhamdulillahi. Ruwa ya zauna, masara ta kai gwiwa, waken suya ma ya fito da kyau. Uwargidana Ummukulsum tana gaishe ki.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a hannun Mansur direba, alhali ga waya a aljihun kowa. Dalili shi ne a gidana ba a yin waya a ɓoye. Ina cewa "salamu alaikum" kowa zai kasa kunne, har awaki. Maganar nan kuwa ba na so ta fita. Kakana da kakarki ciki ɗaya suka fito, shi namiji ita mace, don haka ko kin zama babbar nas a Funtua, baiwata ce ke, dole ki rufa wa ubangidanki asiri.

Ranar Litinin ina cikin maimai jiri ya kwashe ni, na zauna a kan kunya ina ganin gona tana juyawa. Na lallaɓa na je asibiti ni kaɗai. Likita ya ce jinina ya hau ƙwarai, kuma akwai kitse a cikinsa. Ya ba ni ƙwayoyi, ya ce in bar jan nama da kayan ciki, in rage gishiri da magi, in koma kan ganye da wake da hatsi. Na ce masa, "Likita, ganye ai rabon akuya ne." Ko murmushi bai yi ba.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Kin san ciyayyarmu ta ƙofar gida: mu biyar, kullum bayan Magariba kowa ya fito da kwanon gidansa, a jera a kan tabarma, kuma dole hannunka ya shiga kowane kwano. Wanda ya tsallake kwanon wani, ya yi magana ke nan ko bai buɗe baki ba. To, kwano ɗaya na Murtala mahauci ne, maƙwabcina, katangarmu ɗaya, shekara arba'in muna tare. Kwanonsa bai taɓa fitowa babu nama ba, kuma da hannunsa yake zaɓo tsoka ya turo gabana. Yaya zan kalli mahauci in ce masa sana'ar ubansa ce ciwona? In kuma yarana suka ji, za su karɓe fartanyata su zaunar da ni a zaure kamar tsohon buhu.

Ki gaya mini abin da zan ci, ki kuma gaya mini yadda zan yi da kwanon Murtala. Ga 'yar gyaɗa nan a ba yara.

Ubangidanki,
Maharazu.

Funtua,
10 ga Yuli, 2024.

Yaya Maharazu,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta same mu lafiya, yara sun gode da gyaɗa. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa kaffara ne. Hankalina ya tashi da na karanta, amma na ji daɗi da ka je asibiti ba ka tsaya shan jiƙo ba.

Wai me za ka ci! Mutumin da yake noma buhunan waken suya duk shekara, ya loda wa masu kiwon kaji, shi ne yake tambayar baiwarsa abin da zai ci. Kaji sun fi ka sanin darajar gonarka. Na san za ka ce awara abincin mata da 'yan makaranta ne. To, ka zama ɗan makaranta. A yi maka ita a gida, kada a soya ta a cikin mai tsundum, a yanka a zuba a miya kamar nama.

Ga wake da alale. Ga kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ga rama, ga alayyahu da kabewa, yanzu damina ce, duk suna bayan gidanka. Tuwon dawa ko na gero ya fi maka farar shinkafa, kuma kada ka ce tunda babu nama sai ka ninka malmala, ko ka sa a malala man gyaɗa. A sa daddawa da yawa a janye magi. Waken kuma a jiƙa shi tun da wuri, a zubar da ruwan kafin a dafa, ka fara da kaɗan, in ba haka ba cikinka zai yi ta kiɗa a sahun masallaci. Kada ka bar nono da ƙwai ɗungurungum, da ɗan kifi jefi-jefi, domin akwai abin da jini da jijiyoyi ke buƙata wanda ganye ba ya bayarwa. Ƙwayoyinka kuma kullum, ko ka ji garau. Abinci yana taimakon magani ne, ba ya korar sa. Duk Juma'a ka shiga kemis a auna jinin, ka rubuto mini.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai da mai tukunya, saboda haka ka gaya wa Yaya Ummukulsum yau.

Maganar Malam Murtala kuwa gajera ce: ka gaya masa gaskiya. Wanda kuka yi shekara arba'in kuna cin kwano ɗaya ba zai so ya ɗauki makararka saboda tsoka ba.

Taka,
Shafa'atu.

Malumfashi,
29 ga Yuli, 2024.

Shafa'atu,

Bayan gaisuwa, muna lafiya, ina fatan kuna haka. An yi kwana tara babu ruwa har masara ta fara naɗe ganye, jiya dai Allah Ya sauko da shi.

Na gaya wa Ummukulsum. Ta yi kuka, ta yi faɗa, sannan ta ɗauki ƙwarya ta nufi bishiyar zogale. Satin farko na wahala. Ina tashi daga cin abinci sai in ji kamar ban ci ba, bakina yana neman wani abu. Cikin ma ya yi kiɗan da kika ce, har na koma sahun baya. Yanzu ya lafa. Awararku kuma, kada ki faɗa wa kowa, a miyar kuɓewa ba laifi. Mai kemis ya ce awon jinin na sama ya sauko daga ɗari da tamanin zuwa ɗari da hamsin da biyar. Nauyin da nake ji a ƙeya da safe ya ragu.

Murtala kam ban gaya masa ba. Sau uku ina shirya maganar, in na ga fuskarsa sai ta maƙale. Amma na samo dabara, ki yaba wa ubangidanki. Na sa leda a aljihun rigata na gefe. In ya turo tsoka sai in ɗauka in kai wajen baki, in yi ta motsa muƙamuƙi, hannu kuwa ya sauka ya zura ta a leda. Fitilar ƙofar gidan ba ta da ƙarfi. In mun tashi sallar Isha'i sai in juye a kangon bayan masallaci. Ba na kai wa gida, don yara za su tambaya.

Abin da ke ci mini rai shi ne mutumin nan ƙaunarsa ƙaruwa take yi. Da can tsoka ɗaya yake turo mini. Yau wajen shekara biyu ke nan kusan duk naman kwanon gabana yake tarawa, yana cewa, "Ci, manomi, kai ke aikin ƙarfi." Sai in ji kamar ɓarawo ne ni a kan tabarmar nan.

Maharazu.

Funtua,
2 ga Agusta, 2024.

Yaya Maharazu,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai ƙaramar da ta yi zazzaɓi, ta warware. Ina rubuta wannan a tsaye, Mansur yana ta danna mini hon a bakin asibiti.

Na yi murna da awon. Ka ci gaba, kada ka saki ƙwayoyin.

Dabarar leda kuwa ban yaba ba ko kaɗan. Abinci ne kake zubarwa, kuma ranar da aka gani, ba ka da bakin bayani. Sannan akwai abin da ya tsaya mini a takardarka. Ka ce shekara biyu Malam Murtala yana tara maka duk naman kwanonsa. To, shi me yake ci? Yaushe rabon da ka ga ya kai tsoka bakinsa? Ka lura da kyau, ka rubuto mini.

Shafa'atu.

Malumfashi,
6 ga Agusta, 2024.

Shafa'atu,

Muna lafiya.

Na karanta takardarki sau uku, kuma raina ya ɓaci. Me kike nufi da shi me yake ci? Wato Murtala yana ba ni abin da shi ba zai ci ba? Wato wani abu yake barbaɗa mini? Mutumin da ya ɗauki mahaifiyata a bayansa zuwa bakin titi ranar da ta faɗi? Wasan taubasai yana da iyaka. Zaman asibiti ya sa kina ganin mugunta a ko'ina.

Abin haushin ma, kin sa mini abu a rai. Daren jiya na kasa sakin jiki, ina ta bin hannunsa da ido kamar mai gadi. Ya ɗago ya ce, "Lafiya, Maharazu?" Na ce lafiya. Kin ga abin da kika jawo.

Kada ki ƙara yi mini irin wannan magana.

Maharazu.

Funtua,
24 ga Agusta, 2024.

Yaya Maharazu,

Assalamu alaikum. Ina fatan jiki da sauƙi. Wannan ita ce takarda ta uku da na aiko tun bayan taka. Mansur ya ce ta farko ka karɓa ka cusa a aljihu, ta biyu ka ce ya mayar mini. Na kira wayarka sau biyar ba ka ɗauka ba, ni kuma ina tsoron kiran Yaya Ummukulsum kada yara su ji.

Wallahi ban zargi Malam Murtala da komai ba. Laifina ne da na rubuta a gurguje ban fayyace ba. Ka buɗe wadda ke hannunka ka karanta. Ko ba za ka yafe mini ba, ka aiko mini da awon Juma'a uku da suka wuce. Kullum na ga an shigo da dattijo a kwance sai in yi maza in leƙa fuskarsa.

Taka ko kana fushi,
Shafa'atu.

Malumfashi,
1 ga Satumba, 2024.

Shafa'atu,

Bayan gaisuwa, jiki da sauƙi, awon ɗari da arba'in da biyar ne. Takardarki ta farko ban buɗe ba, ta tafi wanki a cikin riga. Ki yi haƙuri. Abin da kika ji tsoro ya faru, kuma ban san wanda zan faɗa wa ba sai ke.

Magunan kangon nan ne suka tona ni. Sun saba da ni, har suka fara biyo ni ƙofar gida. Yau kwana goma sha biyu, muna tsakiyar ci, wata baƙar mage ta lallaɓo ta cusa kai a aljihuna, ta jawo ledar har tsakiyar tabarma. Tsoka huɗu suka zubo a gaban kowa. Ba wanda ya yi dariya. Malam Zaharaddeen, limaminmu, ya ce, "Ashe kai ne mai ciyar da magunan masallaci."

Murtala ya daɗe yana kallon naman. Sannan ya ce, "Shi ya sa kwanan nan kake bin hannuna da kallo. Maharazu, shekara arba'in. Ni zan sa maka wani abu a nama?"

Na ce, "Ba haka ba ne, Murtala."

Ya ce, "To yaya ne?"

Shafa'atu, ga mutum huɗu sun zuba mini ido, ga yarana a bakin zaure. Ta yaya zan ambaci ciwona a gabansu? Sai ya jawo kwanonsa gabansa, ya yi bismilla, ya cinye naman tas, ya suɗe hannu, ya ce, "Ku shaida."

Tun daga ranar bai fasa fitowa ba, da ma ya fasa da ya fi mini sauƙi. Kullum sai ya zo da mafi kitsen abin da ya yanka, tozo, kayan ciki, ɓargo, ya zauna daidai gabana ya cinye shi kaɗai, yana gumi, yana nishi. In ya gama ya ce, "Ku shaida, ban mutu ba." Kwanona kuwa ko kallo ba ya yi. Liman ya yi masa magana, ya ce shi ba faɗa yake yi ba, abincinsa yake ci. Matarsa ta daina shigowa wajen Ummukulsum.

In na ce masa yanzu likita ne ya hana ni, zai ce ƙarya na ƙirƙiro don in wanke kaina. Na ce bari ya huce tukuna. Ko kuwa?

Maharazu.

Funtua,
3 ga Satumba, 2024.

Yaya Maharazu,

Ina gaisuwa. Kada ka jira ya huce. Ka ajiye takardar nan ka shiga gidansa yanzu, da katin asibitinka da ƙwayoyinka a hannu.

Ga abin da nake nufi tun farko. Ban san Malam Murtala a asibiti ba, ban taɓa ganin katinsa ba. Amma na yi shekara goma sha takwas ina ganin maza irinku. Mahaucin da ya daina kai nama baki shekara biyu, yana tura wa na kusa da shi, ina kyautata zaton shi ma an hana shi ne, kuma kunyar da ta kama ka ita ta kama shi. Kai kana da aljihu, shi kuma kai ne aljihunsa. In haka ne, abin da yake yi a gabanka kullum, ga kitse ga gishiri ga ɓacin rai, yana iya kayar da shi.

Don Allah, Yaya, yau.

Shafa'atu.

Malumfashi,
22 ga Satumba, 2024.

Shafa'atu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu dai sai godiyar Allah.

Motar Mansur ta lalace a Bakori, ta yi kwana shida wajen bakanike, takardarki tana cikinta. Ranar da ta iso hannuna, Murtala yana da kwana biyu a gadon asibiti. A rumfarsa ya faɗi da hantsi, wuƙa a hannu. Ɓarin damansa ya saki, bakinsa ya ɗan karkace. Ba zan ɗora wa mota laifi ba. Kin gaya mini tun watan Yuli, kuma tsakanin ƙofata da tasa taku goma ne.

Yadda kika zata haka ne. Matarsa ta nuna mini katinsa a barandar asibiti. Yau shekara biyu da wata uku da aka ce masa hawan jini ne da suga. Har Zariya yake zuwa ganin likita don kada a gan shi a nan, yana cewa ya tafi sayen shanu. A gida wake da ganye yake ci. Kwanon nama na ƙofar gida ne kawai, don kada a ce Murtala mahauci ya ji tsoron nama. Tun ranar magen nan kuma ya watsar da ƙwayoyinsa, ya ce wanda amininsa ke zargi da sammu, me zai yi da magani.

Na shiga na zauna a bakin gadon. Ya juya fuska bango. Na ciro katina da ƙwayoyina na ajiye a kan ƙirjinsa. Ya ɗauka da hagu, ya daɗe yana dubawa, irin ƙwayarsa ce sak. Maganarsa ba ta fita sosai, sai da na kai kunne.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun maimai."

Sai hawaye. Ya ce, "Shekara biyu ina tura maka abin da aka ce zai kashe ni. Na ce kai ƙarfi gare ka. Ni na yi maka wannan."

Na ce, "Ni kuma na zauna ina kallon ka kana ci, da magana ɗaya a bakina, na kasa faɗa."

Muka yi ta kuka, mu biyu, tsofaffin banza, har nas ta zo ta ce za ta kore ni in ban bar hawar masa da jini ba.

An sallamo shi ranar Talata. Ƙafar tana ɗan ja, likita ya ce da gashi da motsa jiki za ta iya dawowa. Hannun kuwa bai yi mana alkawari ba. Ɗansa ne a rumfa yanzu. Ni ma na tara yarana na faɗa musu nawa ciwon, kuma ba wanda ya taɓa fartanyata. Babban cewa ya yi, "Baba, ai mun ga zogalen gidan nan ya ƙare."

Jiya muka mayar da ciyayya zauren Murtala, tunda ba ya iya fitowa. Na faɗa wa sauran komai da bakina. Ummukulsum ta yi tuwon dawa da miyar kuɓewa, ta yanka awara a ciki. Shi ba ya yarda ya ci da hagu, saboda haka ni nake ba shi a baki. Ya tauna awarar, ya yamutsa fuska, ya ce wannan ko a rumfar da ake sayar da ragowar nama da almuru ba za a kira ta nama ba. Amma ya haɗiye, ya sake buɗe baki.

Can sai na ga hannun hagun nan yana lalube a cikin kwano. Ya zaɓo yankan da ya fi girma, miya tana ɗiga a tabarma, ya turo shi gabana. Ya ce, "Ci, manomi."

Na ɗauka na sa a baki, na tauna a hankali yadda zai gani, na haɗiye. Sannan na zazzage masa aljihuna duka biyu.

Ki rubuto mini abin da mai suga zai ci da wanda zai bari, dalla-dalla, don matarsa tana jira. Bana zan ware buhu biyu na waken suya, kaji su yi haƙuri. Ki yafe wa ubangidanki.

Naki,
Maharazu.